Awon Ruwa da Gishiri: Tarihin Wankin Ƙoda da Darasinsa ga Kasuwar Sabon Gari



Gabatarwa

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan lacca, da suka ga ya dace a ba ni dama in tsaya gabanku. Abin da zan yi magana a kansa shi ne tarihin wankin ƙoda, musamman wani sashe nasa wanda ba a cika kula da shi ba, watau yadda likitoci suka koyi auna ruwan da ke jikin majiyyaci, da yadda daga baya suka gane cewa ɗan ragowar ƙarfin da ƙodarsa take da shi dukiya ce wadda ya wajaba a yi tattalinta.

Watakila wani ya ce, to, me ya haɗa wannan da Kasuwar Sabon Gari? Ga abin da ya haɗa su. Wanda ake yi wa wankin ƙoda, in ya yi sa'a ƙwarai, awa 12 yake yi a jikin na'ura cikin mako. Mako kuwa awa 168 ne. Sauran awa 156 yana gida, yana cin abin da aka sayo a kasuwa, in kansa ya yi ciwo kuma ya haɗiyi abin da aka sayo a kasuwa. Saboda haka daga kasuwa zan fara, kuma a kasuwa zan ƙare.

Gishiri da Kanwa a Fagge da Sabon Gari

Tun kafin a san za a yi wani wuri wai shi Sabon Gari, Fagge zango ce ta fatake a bayan ganuwar Kano. Kowace shekara ayarin Buzaye yakan gangaro daga Azbin da raƙuma ɗauke da gishirin Bilma, kantu da beza. Daga gabas kuma ana kawo mangul daga ƙasar Manga, da kanwa ungurnu daga bakin tafkin Chadi. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ayarin gishiri ya biyo daga Azbin kafin ya shigo Kano cikin watan Fabrairu na 1851, kuma ya lissafa cinikin gishiri da na kanwa cikin manyan cinikayyar garin. A wancan zamani gishiri kaya ne mai tsada, wanda aka sha wuyar hamada kafin a kawo shi. Uwargida takan sa shi a miya da lissafi, ta cike sauran ɗanɗano da daddawa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A wajen 1913 Turawan mulki suka yanka Sabon Gari domin baƙin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, kasuwarta kuma ta biyo baya ba da daɗewa ba. Jirgin da ke kwasar gyaɗa ya kai bakin teku, shi ne ke dawowa da buhunan gishirin Turai, wanda Hausawa ke kira kakanda. Sannu a hankali gishiri ya yi araha har ya zama ba a lissafa shi cikin cefane. Daga baya dunƙulen miya na kamfani ya shigo, da kifin gwangwani, da taliyar leda mai ɗan ƙunshin kayan ɗanɗano. Kasuwar nan da yanzu ke ɗauke da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, Gwamnan Jihar Kano daga 1979 zuwa 1983, ta ga wannan canji duka, ta ga gobara iri-iri har da babbar nan ta watan Maris na 2016 wadda ta cinye dubban shaguna, amma ta farfaɗo ta ci gaba da ciyar da Kano da maƙwabtanta.

Abin lura a nan shi ne, cikin shekara ɗari ɗaya kacal harshenmu ya saba da gishirin da kakanninmu ba su taɓa ci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Dunƙulen miya ɗan ƙarami kuwa, mai nauyin giram 4, kusan rabinsa gishiri ne. Ita ma kanwa, sinadarin da ke cikinta mai yawa shi ne sodiyam, wanda shi ne ainihin abin da ke riƙe ruwa a cikin gishiri. Saboda haka ɗanwake da kunun kanwa da waken da aka dafa da kanwa duk suna shiga lissafi ɗaya da yajin tsire da kilishi.

Abin da Aka Gani a Zariya

Mu a ƙasar Hausa ba sai an je Turai aka fara nuna mana dangantakar gishiri da ruwan jiki ba. Cikin shekarun 1970, a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci biyu, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka lura da yawan masu jego da ake kawowa jiki ya kumbura, numfashi yana sarƙewa, zuciya ta gaza. Suka bi diddigin mata fiye da 200, suka buga sakamakon a 1978. A ganinsu, kunun kanwar da ake ɗirka wa mai jego har kwana arba'in, tare da wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi, suna tara wa jiki ruwan da ya fi ƙarfin zuciya.

Gaskiya ne binciken da aka yi daga baya, har da wanda likitocin zuciya na Kano suka jagoranta, ya nuna cewa kanwa da wanka kaɗai ba su isa su bayyana wannan ciwo ba, akwai talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki a ciki. Amma ƙa'idar da aka kafa a kanta tana nan daram: inda gishiri ya shiga, ruwa na biye da shi. Kowane giram 8 na gishiri da ya zauna a jiki yakan riƙe kimanin lita ɗaya ta ruwa, lita ɗaya ta ruwa kuwa kilo ɗaya ce a sikeli. Ina roƙonku ku riƙe wannan lissafi, domin za mu dawo kansa.

Aikin Ƙoda da Samuwar Na'ura

Allah Ya yi wa ɗan Adam ƙoda biyu, kowace da ƙananan matatu wajen miliyan ɗaya. Cikin yini guda suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, su mayar da kusan duka, su fitar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka a matsayin fitsari. Da wannan aiki ne suke fid da datti, suke daidaita gishiri da ruwa, suke kuma taimakawa wajen riƙe bugun jini a inda ya kamata. Dare da rana suke yi, ba hutu. A 1827 wani likita a Landan, Richard Bright, ya nuna cewa masu kumburin jiki da yawa ƙodarsu ce ta lalace. Ana ɗora fitsarinsu a cokali bisa wutar kyandir, sai a ga ya daskare kamar farin ƙwai. Daga nan aka san asalin ciwon, amma aka yi shekara fiye da ɗari ba a da abin yi wa mai shi.

Masanin sinadarai Thomas Graham ya nuna a 1861 cewa in aka raba ruwa biyu da tantani, ƙananan sinadarai sukan ratsa su wuce, manya su tsaya. A 1913, shekarar da ake yanka filayen Sabon Gari, John Abel da abokan aikinsa biyu a Baltimore ta Amurka suka gwada wannan dabara a kan jinin dabbobi, suna hana jinin daskarewa da wani sinadari da suka samo daga matsattsaku. Georg Haas ya gwada a jikin mutum a Jamus a 1924, ba a dace ba.

Wanda Allah Ya ba nasara shi ne Willem Kolff, likita a wani ƙaramin gari mai suna Kampen a ƙasar Holan, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasarsa tana hannun Jamus. Ya samo irin siririyar ledar da Turawa ke ɗura niƙaƙƙen nama a ciki, ya naɗe ta a jikin wata ganga mai juyawa cikin kwatarnin ruwan gishiri, ya bi da jinin majiyyaci ta cikinta. Ya fara a 1943, kuma kusan duk waɗanda ya fara gwadawa a kansu sun rasu. Sai a watan Satumba na 1945 wata tsohuwa mai shekara 67 ta farfaɗo daga suma bayan an wanke mata jini, ƙodarta ta dawo aiki, ta rayu. Sai dai na'urar Kolff datti take fitarwa, ba ta iya janye ruwa yadda ake so. Nils Alwall na garin Lund a Suwidin shi ya rufe tasa na'urar cikin gwangwanin ƙarfe, yadda za a iya matsa lamba a tatso ruwan da ya yi yawa. Tun daga nan wankin ƙoda ya zama aiki biyu: fid da datti, da rage ruwa.

Duk da haka, waɗanda ƙodarsu ta tsaya na ɗan lokaci kaɗai ake iya taimaka wa, domin kowane wanki sai an yanka jijiya, jijiyoyin mutum kuwa ƙididdigaggu ne. A 1960 Belding Scribner da Wayne Quinton a birnin Siyatil na Amurka suka ƙera wani ɗan bututu da ake bari a hannun majiyyaci dindindin. A 1966 kuma Brescia da Cimino a New York suka fito da dabarar haɗa jijiyar da ke kai jini da wadda ke dawo da shi a ƙarƙashin fata, wadda har yau ita ce hanya mafi kyau.

Neman Busasshen Nauyi

Mutum na farko da aka sa wa bututun Scribner, cikin watan Maris na 1960, wani ma'aikacin injuna ne mai suna Clyde Shields. Ba a daɗe ba jininsa ya hau hawa mai ban tsoro, magungunan hawan jini na lokacin kuwa kaɗan ne. Scribner ya ga ba shi da wata dabara sai ya rage masa gishiri, ya dinga janye ruwa daga jikinsa a kowane wanki. Jinin ya sauka, mutumin ya ƙara shekara 11 a duniya. A nan ne aka fara fahimtar abin da likitoci ke kira busasshen nauyi, watau nauyin majiyyaci na gaskiya in an ɗebe ruwan da ya yi masa yawa, ba a kuma taɓa wanda jikinsa ke bukata ba.

Waɗanda suka fi kowa riƙe wannan darasi su ne likitocin garin Tassin, kusa da Liyon a Faransa, Guy Laurent da Bernard Charra. Sukan yi wa majiyyaci wanki na awa 8 sau uku a mako, su hana shi gishiri in ban da ɗan kaɗan, su janye ruwa a hankali. A 1992 suka ba da rahoton majiyyata 445: kusan dukansu jininsu ya daidaita ba tare da ƙwayar hawan jini ba, kuma kashi 75 cikin 100 sun kai shekara 10 a raye. A wurare da yawa kuwa, musamman Amurka, an gajarta wanki zuwa awa 4 ko ƙasa da haka, aka mai da hankali ga awon datti a jini, aka sa wa ruwa ido kaɗan. Bincike na 2011 ya nuna cewa in ana janye fiye da mililita 13 a kowane kilo na nauyin mutum cikin awa ɗaya, haɗarin mutuwa yana ƙaruwa. Wani bincike na shekarar kuma ya nuna cewa masu wanki sau uku a mako sun fi mutuwa a ranar da ta biyo bayan dogon hutun ƙarshen mako, lokacin da ruwa da datti suka fi taruwa.

To, yaya ake gane wannan busasshen nauyi? Babu wata na'ura da za ta faɗe shi kai tsaye. Ana auna majiyyaci a sikeli kafin wanki da bayansa. Ana gwada jininsa a zaune da a tsaye. Likita ya danna ƙwaurinsa da yatsa ya ga ko wurin zai lotsa, ya dubi jijiyar wuyansa, ya saurari huhunsa, ya tambaye shi matashin kai nawa yake tadawa kafin ya iya barci. In ruwa ya yi yawa, jini ya hau, zuciya ta kumbura, numfashi ya yi wuya. In an janye ya wuce kima, jiri ya kama shi, ƙafafu su ɗaure, jini ya faɗi, ya koma gida a galabaice. Akwai kuma wata yaudara da duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa a sikeli ya sani: buhun da aka yayyafa wa ruwa nauyinsa ɗaya da na busasshe mai cika. Majiyyaci yakan rame don rashin cin abinci, ruwa ya cike gurbin naman da ya zube, sikeli ya ci gaba da nuna kilo 60 kamar jiya. Don haka ne ake sake duba busasshen nauyi a kai a kai, ba a rubuta shi sau ɗaya a kati a manta.

Guntun Gatarinka

Shekaru da yawa likitoci sun ɗauka cewa da zarar an fara wanki, labarin ƙodar majiyyaci ya ƙare. Ashe ba haka ba ne. Yawancin masu fara wanki suna da sauran ɗan ƙarfi a ƙodarsu, suna kuma yin fitsari. A 2001 Joanne Bargman da abokan aikinta suka sake nazarin bayanan wasu majiyyata na Kanada da Amurka masu wanki ta tantanin ciki, suka ga cewa kowace mililita 250 ta fitsari da mutum ke yi a yini tana tafe da raguwar haɗarin mutuwa da kashi 36 cikin 100. Mililita 250 rabin ledar ruwan sha ce da muke saye a bakin titi. Bincike a Holan ya nuna irin wannan amfani ga masu wanki ta na'ura. Dalili kuwa a fili yake: ƙoda, ko da ta raunana, tana aiki kullum, tana kuma fid da wasu dattin da na'ura ba ta iya kamawa sosai. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A nan ne matsalar ta fito. Janye ruwa da ƙarfi, wanda ke saukar da hawan jini, shi ne kuma ke kashe ragowar ƙoda, domin duk lokacin da jini ya faɗi ana cikin wanki, ƙoda takan rasa jinin da take rayuwa da shi. Likita yana tsakanin ramuka biyu ke nan: in ya bar ruwa zuciya ta wahala, in ya ƙafe majiyyaci fitsari ya ɗauke.

An ƙera wata na'ura mai ratsa jiki da ɗan lantarki maras zafi, ta kimanta yawan ruwan da ke ciki, aka sa rai ita za ta raba gardama. A Birtaniya aka gwada ta a kan sababbin majiyyata 439 a cibiyoyi 34, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Simon Davies, aka buga sakamako a 2023. An raba su kashi biyu. Duka biyun ana duba su da tsari guda rubutacce wanda ya hana a janye ruwa fiye da kima, amma kashi ɗaya an ƙara musu da awon na'urar. Da aka zo ƙarshe, na'urar ba ta ƙara komai ba wajen kare fitsari, kuma a kashin biyu duka ƙarfin ƙoda ya ragu a hankali fiye da yadda aka zata. A ganina wannan albishir ne ga ƙasa irin tamu. Abin da ya yi aiki shi ne kula da tsari, kayan aikinsa kuwa sikeli ne, da abin gwada jini, da mazubin auna fitsari, da ma'aikacin da ke da lokacin yin tambaya.

Wankin Ƙoda a Nijeriya

An fara wankin ƙoda na yau da kullum a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981, shekara 21 bayan Siyatil. An yi dashen ƙoda na farko a ƙasar nan a 2000, a Asibitin St. Nicholas da ke Legas. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ya yi nasa dashen na farko a 2002, ya zama cikin asibitocin Gwamnati na farko da suka yi wannan aiki. Yau ana wanki a can, da Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nasarawa, da wasu asibitoci masu zaman kansu. Majiyyata na zuwa daga nesa, har daga yankin Haɗeja da Gashuwa inda ciwon ƙoda ya yi ƙamari.

Na'ura ta iso, amma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin jama'a. Amurka ta warware wannan a 1972 da dokar da ta ɗora wa Gwamnati biyan kuɗin wanki. Mu a nan yawanci daga aljihu ake biya. Wani nazari da Farfesa Gloria Ashuntantang ta ƙasar Kamaru ta jagoranta a 2017 ya nuna cewa a Afirka kudu da Sahara, fiye da kashi 80 cikin 100 na manyan da suka fara wanki sun daina. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Ku ma'aikata ku yi lissafi da kanku: a kan naira 50,000, wanki uku a mako ya kama naira 600,000 a mako huɗu, alhali mafi ƙanƙancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne.

Mu ɗauki misalin wani mai shago a Sabon Gari mai nauyin kilo 60, wanda ƙarfinsa wanki ɗaya ne a mako. Bisa ƙa'idar mililita 13, abin da za a iya janye masa cikin awa 4 ba tare da cutarwa ba bai wuce lita 3 da 'yan kai ba. In fitsarinsa ya ɗauke, kuma yana cin miya da gishirin gida, zai iya zuwa da kilo 6 ko 7 na ruwa. Ko a bar masa rabi ya koma da shi, ko a tatse shi har ya suma. Amma in yana fitsarin lita ɗaya a yini, ƙodarsa ta fid da lita 7 a mako, watau ruwan da ya fi abin da wanki biyu za su iya janyewa, kuma ba ta karɓi ko kwabo ba. Shi ya sa likitoci a ƙasashe da dama suka yarda a fara da wanki biyu a mako ga wanda ke da isasshen ragowar ƙarfin ƙoda, muddin ana auna shi a kai a kai. Ga Bature wannan sauƙi ne. Ga mutumin Kano kuwa jarinsa ke nan, in ya karye ba mai ba shi wani.

Layin 'Yan Magani

Ba gishiri kaɗai kasuwa ke sayarwa ba. Shekaru da yawa Sabon Gari ce babbar kasuwar sarin magani a Arewa, daga nan ake kai wa kemis-kemis na birni da ƙauye har ƙetaren iyaka. Cikin abin da aka fi saye akwai ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ɗan dako da mai tura baro ke haɗiya da yamma don gajiya. Waɗannan ƙwayoyi suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Mai lafiya yakan sha ya wuce, amma ga wanda ƙodarsa ke kan gargara, ko wanda rana ta ƙafe shi, kwana kaɗan sun isa su ɗauke fitsarin da ya rage. Haka allurar gentamicin in an yi ta ba bisa ƙa'ida ba, haka man bilicin mai sinadarin zaiba, haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da aka haɗa a ciki ba.

Ƙasar nan ta taɓa ganin abin da gurɓataccen magani ke yi wa ƙoda. A 1990 yara 47 suka mutu a asibitin koyarwa na Jos bayan shan maganin zazzaɓi na ruwa da aka haɗa da sinadari mai guba. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a sassan ƙasar, har da Zariya, ta hanyar tsayar musu da ƙoda. Tsakanin waɗannan masifu biyu ne aka kafa hukumar NAFDAC a 1993. A watan Fabrairu na 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, hukumomi suka rufe shagunan magani fiye da 1,000 a Sabon Gari, aka umurci 'yan sari su koma sabuwar cibiyar da aka gina a Ɗangwauro, kan hanyar Zariya. Ba na cewa 'yan magani mutanen banza ne. Da yawansu masu amana ne, kuma su ne likitan farko na talaka, tun da layin asibiti dogo ne. Amma sauya wa kasuwa mazauni ba zai hana a miƙa wa mai ciwon ƙoda ƙwayar da za ta ƙarasa shi ba, sai in mai miƙawar ya san ya tambaya.

Kammalawa

Jama'a, in muka tattara wannan tarihi za mu ga cewa ƙera na'ura ya ɗauki shekara kusan 50, daga Abel zuwa Scribner, amma koyon awon ruwa ya ɗauki fiye da haka, har yanzu kuma ana kan koyo. Abin da aka tabbatar ya zuwa yau kaɗan ne, amma mai amfani ne.

Ga majiyyaci da iyalinsa: ƙishirwa daga gishiri take, saboda haka hana shi ruwa alhali miyarsa cike take da dunƙule da kanwa azaba ce kawai. A rage gishiri tukuna, a fid da nasa kason miya kafin a zuba. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce ya sha gwargwadon fitsarin da ya yi jiya, a ƙara masa leda ɗaya ta ruwa, watau rabin lita. Sai dai a ƙasashe masu sanyi aka tsara wannan ƙa'ida. A Kano, inda zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, dole likita ya sa gumi cikin lissafi, sikeli kuma shi ne alƙali. Ya auna fitsarinsa na yini guda lokaci-lokaci ya kai wa likita adadin. Kada ya sha wani magani, na kemis ko na gargajiya, sai ya tambaya. In azumi ya zo ya nemi shawarar likita, tun da shari'a ta yi wa maras lafiya rangwame, ya kuma yi hattara da dabino da ayaba da lemo, domin sinadarin fotasiyam da ke cikinsu yana iya tsayar da zuciyar wanda ba ya fitsari.

Ga ku ɗalibai, musamman masu karatun likita da jinya da haɗa magunguna: kada ku raina tambayar nan, "Malam, har yanzu kana fitsari? Kamar nawa?" Akwai kuma aikin bincike da ke jiranku, domin ya kamata a ce muna da ma'aunin gishirin da ke cikin kowane abincinmu, daga miyar kuka zuwa ɗanwake, a rubuce da Hausa yadda uwargida za ta karanta.

Ga ku ma'aikatan Gwamnati, masu tsara kasafi da masu sa ido: sayen na'urar wanki abu ne mai kyau, kuma shi ake ɗauka a hoto ranar buɗewa. Amma sikeli mai gaskiya, da isassun ma'aikatan jinya yadda ba za a gajarta wa majiyyaci awoyinsa don a sa na bayansa ba, da gwajin hawan jini da na suga da na fitsari a cikin kasuwa ita kanta, da koya wa masu kemis magungunan da ke cutar da ƙoda, waɗannan duka su ma abin bukata ne. Hawan jini da ciwon suga suna cikin manyan masu kai mutanenmu ga wanki, kuma dukansu ana iya gano su da wuri a riƙe su.

Kakanninmu a zangon Fagge sun san darajar gishiri, suna auna shi da hankali don yana da tsada. Yanzu ya yi araha, ƙoda ce ta yi tsada, sai mu mai da wancan hankali gare ta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, mu kuma Ya ƙara mana lafiya.